Gado a Rumbun Bayanai: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Duk ɗalibin da ya fara rubuta manhaja da Java yakan tarar da kansa yana maimaita abu guda a kowane aji: lambar shaida, ranar da aka shigar da bayani, da ranar da aka gyara shi. Tun 1999 Andrew Hunt da David Thomas suka yi gargaɗi a kan irin wannan maimaici, domin gyaran da aka yi a wuri ɗaya akan manta da shi a wani.

Hibernate, wadda Gavin King ya fara a 2001, da ƙa'idar JPA ta 2006, sun kawo magani mai sauƙi. Ana tara waɗannan filaye a aji guda mai alamar @MappedSuperclass, sauran azuzuwa su gaje shi. Ajin uban ba shi da teburi nasa. Kowane magaji yana ɗauke da filayen a nasa teburin. Wannan gado babu laifi a cikinsa.

Matsala takan taso ne idan aka kai gadon cikin teburan kansu don kawai a rage rubutu. A ɗauki manhajar makaranta inda Ɗalibi da Malami suka gaji Mutum. Idan aka zuba su a teburi ɗaya, wanda shi ne zaɓin JPA in ba a faɗi wani ba, dole a bar filin lambar rajista ya karɓi wofi, tunda malami ba shi da ita. Daga nan filin ba zai iya hana a shigar da ɗalibi marar lamba ba. Idan kuma aka raba teburan, kowace tambaya sai an haɗa su, aiki ya yi nauyi.

Mafi muni, ranar da ɗalibin digiri na biyu ya fara koyarwa, tsarin ba shi da inda zai sa shi, domin abu ɗaya ba ya zama a aji biyu. Zama ɗalibi matsayi ne mai wucewa. Kamata ya yi a ajiye shi a teburi dabam da ke nuni ga mutumin.

Saboda haka, kamannin filaye bai isa hujjar gado ba. Adireshin da ke maimaituwa, @Embeddable ya ishe shi. Layi goma da aka maimaita ana gyara su cikin awa guda, amma teburin da ya cika da bayanan dalibai na shekaru, sauya fasalinsa aiki ne mai tsada da haɗari.