Burodi Marar Alkama: Kasuwar Da Ke Jiran Manomin Acha, Dawa Da Rogo

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an fara samun gidajen burodi a manyan birane irin su Abuja da Legas waɗanda ke gasa burodi da biskit da kek ba tare da ko ƙwayar alkama ba. Wasu na ganin wannan yayi ne na masu kuɗi, wanda zai wuce kamar yadda sauran yayi suka wuce. Ra'ayina shi ne buƙatar gaskiya ce, amma ƙarama ce a yanzu, kuma ba mai gidan burodi kaɗai ta shafa ba. Ta shafi manomin acha da dawa da gero da shinkafa da rogo, domin daga gonarsa garin zai fito. Wanda zai ci moriyar wannan kasuwa shi ne manomin da ya iya tsabtace amfanin gonarsa, tare da malamin gonar da ya nuna masa hanya.

Mene ne gulutin?

Gulutin wani sinadarin gina jiki ne da ke cikin alkama da sha'ir da danginsu. Shi ne danƙon da ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi, ya riƙe iskar da yis ke fitarwa, har burodi ya tashi. Ga yawancin mutane ba shi da wata illa, kuma babu dalilin da zai sa mai lafiya ya guje shi. Amma akwai masu cutar da likitoci ke kira siliyak. Idan mai wannan cuta ya ci alkama, garkuwar jikinsa takan far wa bangon ƙaramin hanjinsa, sai hanjin ya kasa tsotsar amfanin abinci. Daga nan sai zawo mai yawan dawowa, da kumburin ciki, da rama, da ƙarancin jini, yara kuma su kasa girma yadda ya kamata.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Dicke shi ne ya danganta cutar da alkama a shekarun 1940. An ƙiyasta cewa tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Masu cewa cutar Turawa ce su sani cewa binciken da aka buga a 1999 a kan yaran Sahrawi na Yammacin Sahara ya gano ta a jikin fiye da yara 5 cikin 100. Har yau ba ta da magani sai barin alkama da danginta har ƙarshen rayuwa. Haka kuma wanda yake zargin yana da ita kada ya daina cin alkama kafin ya je asibiti, domin gwajin ba ya nuna gaskiya idan an riga an daina.

Ban da waɗannan, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wasu abinci kamar gyaɗa, ƙwai, madara, waken soya, riɗi, ko alkamar kanta. Ga wasu abin yakan tsaya a borin jini da ƙaiƙayi. Ga wasu kuwa maƙogwaro kan kumbura, numfashi ya sarƙe, a rasa rai cikin ɗan lokaci idan ba a kai su asibiti ba.

Su wa za su saya?

Masu sayen irin wannan burodi kashi uku ne. Na farko su ne masu cutar siliyak. Na biyu su ne waɗanda jikinsu ba ya karɓar wani abinci, musamman iyayen da ke neman abin da za su sa wa yaro a jakar makaranta hankalinsu kwance. Na uku su ne mutanen birni da otal-otal da baƙi, waɗanda suka zaɓi rage fulawa don ra'ayin kansu.

Kashi na uku sun fi yawa, amma yau suna nan gobe sun koma wani abu. Kashi na farko da na biyu ba su da yawa, sai dai idan suka sami wurin da suka amince da shi ba sa barinsa, domin ba su da zaɓi. Mu ɗauki misalin birni mai mutum miliyan 1. Ko da a ce mutum 1 cikin 200 ne ke da cutar, an sami mutum 5,000 ke nan. Amma akasarinsu ba su san abin da ke damunsu ba, saboda gwajin ba ya cikin gwaje-gwajen yau da kullum a yawancin asibitocinmu, kuma wanda bai san cutarsa ba ba zai biya ƙarin kuɗi don kauce mata ba. Saboda haka duk mai niyyar buɗe irin wannan gida kada ya fara da cin bashin gina tanda. Ya fara da ɗan kaɗan, yana gasawa bisa oda, yana tuntuɓar likitoci da makarantu da kantuna, har ya san adadin masu dawowa sayayya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da muke da shi a gida

Nijeriya na shigo da alkama fiye da tan miliyan 4 daga waje a kowace shekara, kuma abin da ake nomawa a wuraren ban ruwa irin su Kadawa da Haɗeja bai kusa biyan buƙata ba. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, amma bayan 'yan shekaru ta janye hanin. Alhali kuwa mu ne kan gaba a duniya wajen noman rogo, muna cikin manyan masu noman dawa, kuma bayan ƙasar Gini mu ne muka fi kowa noman acha. Duk waɗannan, har da gero da masara da shinkafa da wake, babu gulutin a cikinsu.

Kakanninmu ma sun daɗe suna sarrafa su. Waina da sinasir da ƙosai da alala da nakiya da tuwon acha duk abinci ne marar alkama tun asali, kamar yadda mutanen Sudan ke yin kisira da garin dawa. Duniya kuma ta fara waiwayar waɗannan hatsi. A 2018 Tarayyar Turai ta amince a sayar da acha a kasuwanninta, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Tun zamanin Shugaba Obasanjo aka fito da manufar haɗa garin rogo kashi 10 cikin 100 a cikin fulawar burodi, kuma an sake farfaɗo da ita a 2012. Manufa ce ta rage shigo da alkama, amma burodin da ya fito daga ita mafi yawansa alkama ce, don haka yana cutar da mai siliyak kamar kowane burodi. Haka nan ɗan waken da aka saka wa fulawa, da gurasa da alkaki da funkaso, duk ba nasa ba ne.

Inda gizo ke saƙa

Ƙa'idar hukumar abinci ta duniya, Codex, ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a cikin kilo 1 na abincin da aka rubuta wa marar gulutin. Ma'ana, a buhu mai kilo 50 bai kamata ya wuce giram 1 ba. Cokali biyu na fulawa sun isa su ɓata buhun gaba ɗaya. To, a duba yadda muke yi: a zuba dawa a tsohon buhun fulawa, a auna ta da mudun da aka auna alkama, a kai ta injin unguwa inda aka gama niƙa alkamar wata. Garin da ya bi wannan hanya ya riga ya fita daga wannan kasuwa tun kafin ya isa gidan burodi.

Haka abin yake ga gyaɗa. Man gyaɗar da aka matsa a gida yana ɗauke da sinadarin da ke tayar wa masu matsalar ciwonsu, don haka gidan da ya yi alkawarin babu gyaɗa dole ya nisanci man da ƙuliƙulin gaba ɗaya. Wanda ya rubuta alkawari a jikin leda bai cika ba, da ran mutum yake wasa.

Shawara ga manoma da malaman gona

Na farko, a ware masussuka. A shimfiɗa tamfol mai tsabta, a yi sussuka da shiƙa a kansa, a zuba a sababbin buhuna. Wannan zai kuma rage yashi da tsakuwa, waɗanda su ne babban abin da ke karya darajar acha.

Na biyu, ƙungiyoyin gama kai su haɗa kuɗi su mallaki injin niƙa wanda ba a taɓa zuba masa alkama ko sha'ir ko gyaɗa ba, su kuma riƙe littafin da ake rubuta duk abin da aka niƙa da ranar niƙa shi.

Na uku, masu garin rogo su ɓare, su wanke, su gurza, su matse, su shanya cikin awa 24 da tono, domin gubar da ke cikin rogo ta fita, garin kuma ya fito fari ba tsami. Masara kuwa a busar da ita sosai, a nisanta ta da damshi saboda gubar fumfuna.

Na huɗu, a ƙulla yarjejeniya a rubuce da mai gidan burodi tun kafin shuka: irin da yake so, yawan buhuna, farashi da lokacin biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, malaman gona su haɗa manoma da cibiyoyin da ke aiki a kan waɗannan amfanin gona, kamar ta Badeggi a kan acha da shinkafa, ta Umudike a kan rogo da ta Samaru a kan dawa, su kuma taimaka wa masu sarrafawa wajen yin rajista da hukumar NAFDAC.

Mai gidan burodi kuma ya sani garin da ba shi da gulutin ba ya tashi kamar fulawa, sai an haɗa shi da sitacin rogo da wani abin ɗaure kwaɓi, kamar yadda kuka ke ɗaure ɗan wake, kuma burodinsa yakan bushe da wuri. Ya fi sauƙi a fara da biskit da kek da garin waina na leda. Kada kuma a tallata shi da sunan maganin ciwon suga ko hawan jini. Abinci ne mai kyau, ba magani ba ne.

Kammalawa

Wannan kasuwa ba za ta kori fulawa ba, kuma ba kowane manomi za ta ɗauka ba. Amma tana biyan ƙarin kuɗi a kan tsabta da riƙon amana, kuma manomin da ya saba fitar da acha ko dawa marar gauraye zai sami mai saye a gidan burodi, a kantin birni, har ma a ƙasashen waje. Muna kira ga malaman gona, musamman na jihohin Filato, Bauchi, Kaduna, Neja da Nasarawa, da su zaɓi ƙungiya ɗaya ko biyu a yankinsu su fara wannan aiki tun daga girbin bana.