Cin Amanar Magini Tun Ba a Haƙa Tushe Ba

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta yi katutu a wurin masu gina gida a ƙasar Kazaure, daga Yankwashi zuwa Roni da Gwiwa, har maƙwabtanmu na Babura, kuma sunanta cin amana. Mutum zai sayar da gero da riɗi da kaka, ya kira magini su zaga fili tare. Magini ya ja igiya, ya kafa turaku, ya fitar da ɗakuna, ya zauna ya lissafa bulo nawa, siminti buhu nawa, yashi tifa nawa, rodi da katako da kwano. A yi jinga, a ce Allah ya sa albarka. Bayan 'yan kwanaki sai maginin ya biyo ta wurin ya tarar wani yana haƙa tushe a kan layin da shi ya ja. Ba a kira shi ba, ba a sallame shi ba, in ya buga waya ma ba a ɗauka.

Maigida, da kai nake. Ka san lokacin gini a ƙasar nan gajere ne: daga an kai amfani gida har zuwa faɗuwar ruwa, shi ke nan. Mutumin da ka riƙe da maganarka ya ƙi karɓar aikin wani saboda naka. Ya fasa tafiya cin rani Kano ko Abuja tare da 'yan'uwansa. Ya yi wa leburori alkawari, ya tsayar da mai buga bulo, ya gaya wa mai amalanken ruwa ya shirya. Ranar da ka juya masa baya, gidaje da yawa ne tukunyarsu ta sauka. Sannan lissafin da ya kwana yana yi maka, shi ka ɗauka ka kai wa wani ka ce: ga abin da wane ya faɗa, kai nawa za ka rage? Ka ci gumin mutum ba ka biya ba, ka kuma yi amfani da guminsa ka kore shi.

Za ka ce tsada ce ta sa. Tsada gaskiya ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dakon kaya ya tashi, a watan Fabrairun 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000, har gwamnatin tarayya ta kira kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge zama a Abuja. To amma magini ne ya sa wa siminti farashi? Wanda ka ɗauko daga baya kasuwa ɗaya zai je da na farko. Ragin da ya yi maka daga jikin katangarka zai fito. Zai miƙa buhu ɗaya ya buga bulo fiye da ƙima, bulon da yatsa ke kankare shi. Zai rage zurfin tushe, ya sa siririn rodi a linta, ya hana gini ban-ruwa don ya gama da wuri. Wanda ya ga yadda gidaje suka riƙa zubewa a Jigawa a daminar 2022 bai kamata ya yi wasa da tushen ɗakin da 'ya'yansa za su kwana ba. Araha ba ta ado, a gini kuwa har rai tana ci.

Kai ma sabon magini, ba ka tsira ba. Ka ga turaku a kafe, ka san hannun wanda ya kafa su, wataƙila ma a ƙarƙashin ubangida ɗaya kuka koyi riƙe cokali. Ba ka aika ka tambaye shi ko an sallame shi ba, ka sunkuya ka fara haƙa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, kuma duk wanda ya zauna a gaban malami ya ji wannan. Kakanninmu sun naɗa Sarkin Magina ne don sana'a ta kasance da ladabi, kada wani ya shiga aikin wani sai da sallama. Farashin da ka karya yau, da shi za a auna ka gobe.

Sauya magini ba haramun ba ne. Idan ka je ka duba aikinsa na baya ka ga katanga ta tsage, ko ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace, ko ya sauya magana bayan an gama jinga, to kafin a zuba kankare shi ne lokacin da ya fi dacewa a rabu, don rabuwa a tsakiyar gini ta fi ɗaci da asara. Amma rabuwa tana da hanya. Ka kira shi ido da ido, ka faɗa masa dalili a gaban shaidun da aka ƙulla da su. Ka biya shi kuɗin awo da lissafi da kwanakin da ka ɓata masa, shi kuma ya dawo da abin da ya rage naka a hannunsa.

Abin da ya fi wannan shi ne ka yi bincikenka tun ba ka ba kowa maganarka ba. Ka ji farashin magina uku in ka ga dama, kowa ya san tayi ake yi. Ka tambayi waɗanda suka yi wa aiki. In ka zaɓa, a rubuta a takarda, kamar yadda Alƙur'ani ya koyar da rubuta bashi a cikin Suratul Baƙara: kuɗi nawa, wa zai sayo kaya, yaya za a yi in farashi ya tashi, me za a biya in an fasa. Daga nan ka tsaya a kan maganarka. In kuma akwai maginin da ka bari da turaku a bana, yana garin nan, ka san gidansa. Ka je ka biya shi haƙƙinsa, ka nemi yafiyarsa, kafin ka ɗora bulon farko.