Madubin Likita Ba Ya Aiki Sai Da Littafi

Mu da aikinmu ya ke horad da malamai mun daɗe da sanin cewa in kuɗi suka kasa, littafi a kan fara sokewa daga kasafi. Yau muna jawo hankalin malamai da akawuna ga wani irin littafi wanda soke shi ya kan jawo hasarar rai.

A ɗauki misalin mace a wani ƙauye na ƙasar Kunci, jini yana zubo mata ba lokacin al'ada ba. Maigidanta ya sayad da buhun gero, suka biyo ta Bici har Kano. A asibiti a kan shafo ɗan abu daga bakin mahaifa, ko a yanko 'yar tsoka, a ɗora bisa gilashi, a rina, sa'an nan a sa ƙarƙashin madubin likita. To, madubi ƙara girman abu kaɗai ya iya. Rarrabe ƙwayar jiki mai lafiya da wadda ta soma rikiɗa zuwa sankara aikin ido ne, ido kuwa sai an hore shi da ɗaruruwan hotuna. In mai dubawa ya ce lafiya alhali da cuta, ta koma gida cutar tana cinta. In ya ce cuta alhali babu, an ta da hankalin gida a banza.

Tarihin wannan ilmi ma shaida ne. Likita Papanikolau, mutumin Girka mai aiki a Amurka, ya ba da labarin dabarar shafowa tun 1928, likitoci ba su kula ba. Sai da shi da Likita Traut suka buga littafi mai hotuna a 1943 dabarar ta bazu. A 1969 Edington, wanda ya koyar a Ibadan da Zariya, shi da Gilles suka wallafa littafi kan cututtukan ƙasashe masu zafi, don kuwa wanda ya koyi aiki da littafin Ingila kaɗai yana iya ganin ƙwan tsargiya bisa gilashi ya kasa gane shi. Tsohon bugu kuma ba ya wadatarwa: ƙa'idar Bethesda ta rubuta sakamakon gwajin mahaifa ta fito a 1988, aka gyara ta a 2001, aka sake gyarawa a 2014.

Wani zai ce ai ga wayar hannu. Madalla, amma hoton da ba a san wanda ya tantance shi ba bai kamata a rataya ran mutum a kansa ba. Wani zai ce an soma allurar rigakafin wannan sankara a watan Oktoba 2023, har da Jihar Kano. Gaskiya ne, amma ta 'yan mata ce masu shekara 9 zuwa 14. Iyayensu mata fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu.

Saboda haka roƙonmu uku ne. Na fari, akawun da ya rubuta kuɗin madubi ya rubuta na littafi kusa da shi, sabon bugu. Na biyu, shugabannin makarantun horad da ma'aikatan lafiya su fid da littattafai daga kabad su ajiye inda ɗalibi zai kai hannu; gara littafi ya yage da karatu da gara ta cinye shi sabo. Na uku, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Shika su haɗa littafi da hotunan cututtukanmu, su kuma rubuta wani ƙarami da Hausa don malamin asibitin ƙauye, ya san yadda zai ɗebi samfur, ya adana, ya aika bai lalace ba.

Allah ya sa masu riƙe da alƙalamin kasafi su ji.