Digiri na Biyu a Ilimin Kwamfuta: Abin da Uwa Za Ta Duba Kafin a Sayi Fom

Yau zancenmu da ke ne, uwar da 'yarta ko ɗanta ya gama digiri, ya dawo daga bautar ƙasa, yana maganar digiri na biyu a ilimin kwamfuta. Ke za a fara kawo wa batun kuɗin fom. Wataƙila adashinki za a taɓa, ko a kai ragonki kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kuɗin fom kuwa ba a mayarwa, don haka ki san abin da ake nema kafin su bar hannunki. Da 'ya mace zan yi misali, amma sharuɗɗan duk ɗaya ne da namiji.

Ki ce ta ɗauko takardunta ku duba tare. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi. Ana son digirin farko a ilimin kwamfuta ko fannin da ya yi kusa da shi, kuma galibin jami'o'i ba sa karɓar ƙasa da daraja ta biyu ƙarama. Sai shaidar kammala bautar ƙasa ko takardar yafe ta. Sai taransikirif, wato cikakken sakamakon duk darussan da ta yi, wanda tsohuwar jami'arta ke bayarwa. Wannan takarda takan ɗauki lokaci, a nemi ta da wuri. Za a kuma buƙaci malaman da suka santa su yi mata shaida.

Idan ba ta cika waɗannan ba, akwai hanya. Mai HND, kamar wadda ta gama Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, da mai daraja ta uku, da wadda ta karanci wani fannin daban, yawanci sai sun fara yin babbar difloma ta PGD, kimanin shekara guda. Wadda kuwa NCE ta yi a Kwalejin Ilimi ta Gumel, digirin farko ne a gabanta tukuna, kuma tana iya neman shiga aji biyu kai tsaye ta hannun JAMB.

Ki tambaye ta wane iri za ta yi, domin digirin iri biyu ne. Akwai na bincike, MSc, mai darussa da jarrabawa sannan kundin bincike a ƙarƙashin malami. Yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ya zarce. Shi ne hanyar mai son koyarwa a jami'a ko digirin digirgir. Akwai kuma na ma'aikata, wanda sau da yawa a ƙarshen mako ake yin sa. Yana da sauƙin haɗawa da aiki da gida, amma jami'o'i da dama ba sa karɓar sa don digiri na uku.

Ina za a je? Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya sun daɗe suna koyar da wannan fanni. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ita ma tana da karatun gaba da digiri, sai a duba sanarwarta ta bana. Matar auren da ba za ta iya barin Gagarawa ko Sule Tankarkar ba, ta duba Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, mai cibiya a Dutse, wadda ke da digiri na biyu a fasahar sadarwa. Amma karatun daga gida yana son laftof, da caji, da intanet mai ƙarfi. Ki sa su cikin lissafi, tare da kuɗin mota da masauki lokacin jarrabawa.

Batun tallafi, hukumar NITDA, wadda Kashifu Inuwa ɗan Haɗeja ya fara shugabanta a 2019, takan ba da tallafin karatun digiri na biyu a wannan fanni. TETFund kuma na malaman manyan makarantun gwamnati ne. A nema ta shafukan hukumomin, kada a ba kowa kuɗi wai zai sa suna.

Hattara da masu tallan digirin gaggawa a waya. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Benin da Togo. Duk jami'ar da za a shiga a Najeriya, a tabbatar hukumar NUC ta amince da ita.

Idan kuma aure ya taho, ki sa a yi maganar karatun a gaban waliyyai tun kafin sa rana: wa zai biya, ina za ta zauna, wa zai riƙe jariri ranar jarrabawa. Tun ran gini, ran zane.

Wadda 'yarta ta bi ɗaya daga hanyoyin nan, ta rubuto mana a ƙasa yadda suka yi, 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mako mai zuwa.