Shekara 20 Bayan Guguwar Katrina: An Sake Gina Ganuwa, Mutanen Ba Su Dawo Ba

Ranar 29 ga Agustan 2025 aka cika shekara 20 cif da mahaukaciyar guguwar Katrina ta afka wa gaɓar tekun kudancin Amurka. A birnin New Orleans na jihar Luwiziyana an taru a gindin katangar unguwar Lower Ninth Ward, daidai inda ruwa ya ɓalle, an yi addu'o'i, sannan makaɗa suka zaga tituna da ganguna da kayan busa kamar yadda al'adar garin take a wajen rakiyar mamaci. Kwana huɗu kafin wannan taro, ma'aikata fiye da 180 na hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, na yanzu da waɗanda suka bar aiki, sun aike wa majalisar dokoki wasiƙar da suka laƙaba wa sunan guguwar, suna gargaɗin cewa ana warware gyare-gyaren da aka yi bayan 2005. Washegari aka dakatar da da dama daga cikin waɗanda suka bayyana sunayensu. Da haka juyayin shekara 20 ya koma muhawarar siyasa kan tambayar da Amurka ta zaci ta amsa tuntuni: idan teku ta hau tudu, nauyin wane ne ceton talaka?

Guguwar ta soma haɗuwa ne a kusa da tsibiran Bahamas ranar 23 ga Agustan 2005, ta ratsa kudancin Filorida, ta faɗa mashigin tekun Meziko inda ɗumin ruwa ya ƙara mata ƙarfi har ta kai mataki na biyar, ƙololuwar ma'aunin guguwa. Kafin ta iso gaɓa da asubahin Litinin 29 ga wata, a kusa da garin Buras, ta sauko mataki na uku, iskarta na gudun kusan kilomita 200 cikin awa guda. Tsakiyarta ta bi ta gabas da New Orleans, har rahotannin farko suka ce birnin ya tsallake rijiya da baya.

Ashe ruwa na shiga. Kusan rabin birnin yana ƙasa da matakin teku, tsakanin kogin Misisipi da tafkin Pontchartrain, a kan fadamun da aka tsotse da manyan famfuna tun farkon ƙarni na 20, ƙasar kuma ta yi ta lotsawa bayan ta bushe. Abin da ke tsakanin mazauna da ruwa shi ne ganuwar ƙasa da katangun kankare da sashen injiniyoyi na rundunar sojin Amurka ya tsara bisa dokar 1965, wadda aka yi bayan guguwar Betsy. Shekara 40 bayan dokar ba a kammala aikin ba. A ranar nan ganuwar ta fashe a wurare fiye da 50, kuma cikin kwana biyu kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse.

Abin da bincike ya gano daga baya shi ne ya sauya yadda ake kallon lamarin. A magudanun 17th Street da London Avenue ruwa bai kai ga saman katanga ba ma ta kife, domin ƙarafan da aka kafa ta a kansu ba su yi zurfin da ƙasa mai taushi irin wannan ke buƙata ba. A watan Yunin 2006 sashen injiniyoyin ya amsa cewa akwai kurakurai a tsarin aikinsa. Amma amsa laifi bai zama biyan diyya ba: wata doka ta 1928 ta ba gwamnatin tarayya kariya daga ƙarar da ta shafi ayyukan tare ambaliya. A 2009 alƙali Stanwood Duval ya same su da sakaci kan wata hanyar jiragen ruwa da suka haƙa ta cikin dausayi, wadda ta lalata shingen da Allah ya yi wa yankin St. Bernard, sai kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2012. Shi ya sa mutanen New Orleans da yawa ba sa yarda a ce da abin bala'in yanayi kawai. A bakinsu ambaliyar gwamnatin tarayya ce.

Su wa suka mutu? An daɗe ana ambaton mutum 1,833, kafin cibiyar lura da guguwa ta ƙasar ta sake lissafi a 2023 ta tsayar da adadin a 1,392. Kusan rabin waɗanda suka rasu a Luwiziyana sun kai shekara 75 ko fiye. A gidan kula da tsofaffi na St. Rita mutum 35 suka nutse. A asibitin Memorial an samu gawa 45 bayan kwanaki ba lantarki cikin tsananin zafi. Magajin gari Ray Nagin bai ba da umarnin ficewa na dole ba sai ranar Lahadi, ƙasa da kwana guda kafin isowar guguwar, a birnin da aka san mutum kusan dubu ɗari ba su da mota. Ƙarshen wata ne kuma, lokacin da aljihun mai jiran albashi ko tallafin gwamnati ya bushe. Cewa mutum ya gudu abu ne mai sauƙi ga wanda ke da tankin mai a cike da kuɗin otal.

Kuma ba a ce ba a sani ba. A watan Yulin 2004, shekara guda kafin nan, hukumomin tarayya da na jiha sun yi atisayen wata guguwa ta gwaji da suka kira Pam, wadda ta hasko kusan duk abin da ya zo ya faru.

Kwanakin da suka biyo baya su ne duniya ta gani a talabijin. Dubun-dubatar mutane sun cunkushe a filin wasa na Superdome da babban zauren taro na birnin, ba isasshen ruwan sha, ba magani, gawa a kan keken guragu an lulluɓe ta da bargo. Waɗanda suka yi yunƙurin tsallaka gada da ƙafa zuwa garin Gretna 'yan sanda suka mayar da su da bindiga. A gadar Danziger, ranar 4 ga Satumba, 'yan sanda sun harbe mutum biyu da ba su ɗauke da makami har lahira, suka jikkata huɗu, sannan suka ƙulla ƙarya don rufe abin. Sai bayan shekaru shari'ar tarayya ta tona asirin. Shugaba George W. Bush ya leƙo barnar ta tagar jirginsa, hoton da ya bi shi har ƙarshen mulkinsa, ya kuma yaba wa shugaban FEMA Michael Brown a bainar jama'a. Kwana goma bayan yabon Brown ya ajiye aiki. Babban aikin da ya riƙe kafin shigarsa hukumar shi ne kula da alƙalan gasa a wata ƙungiyar masu kiwon dawakin Larabawa.

Har da kalmomi aka yi faɗa. Hoton baƙar fata ɗauke da kaya cikin ruwa ya fito da bayanin wawure shago, na wasu fararen fata ya fito da bayanin samo abinci. Kafofin watsa labarai suka riƙa kiran waɗanda suka tsira 'yan gudun hijira, su kuma suka ce a ƙasarsu suke, haraji suke biya.

Hasken kyamara da ya tsaya a New Orleans ya sa aka manta da gaɓar jihar Misisipi, inda guguwar ta fi nuna ƙarfinta. A can toroƙon teku ya haura mita takwas, ya share garuruwan Waveland da Bay St. Louis da Pass Christian, gidaje da yawa ba abin da ya rage sai daɓen siminti. Mutum 238 suka mutu a jihar. Gidajen caca na Biloxi, waɗanda doka ta tilasta a gina su a kan ruwa, teku ta ɗauko su ta jibge a kan titi. Cikin 'yan makonni majalisar jihar ta gyara doka ta ba su damar ginawa a tudu. Masu gidajen kwana kuwa suka shiga shari'ar shekaru da kamfanonin inshora, waɗanda suka ce ruwa ne ya rusa gidajen, su kuma iska kaɗai suka ɗauki nauyi. Har Sanata Trent Lott, wanda ya rasa gidansa a Pascagoula, sai da ya kai ƙarar kamfaninsa. Idan sanata ya sha wannan, ana iya ƙiyasta halin masuntan jatan lande 'yan asalin Biyetnam na gabashin Biloxi. Gwamnatin Haley Barbour ta kuma karkatar da kusan dala miliyan 600 na kuɗin gidaje zuwa faɗaɗa tashar jiragen ruwa ta Gulfport.

Barnar baki ɗaya an ƙiyasta ta a dala biliyan 125 a kuɗin wancan lokaci. To amma rabon kuɗin sake gini ya fi yawan kuɗin bayyana wanda aka so ya dawo. Shirin Road Home na Luwiziyana ya riƙa lissafa tallafi bisa darajar gida kafin guguwa idan ta gaza kuɗin gyara. Gida biyu iri ɗaya, siminti da katako farashi ɗaya, amma wanda ke unguwar baƙaƙen fata darajarsa a kasuwa ta yi ƙasa saboda tarihin wariya, don haka mai shi ya karɓi abin da ba zai kai shi ga rufi ba. An kai ƙara a 2008, aka sasanta a 2011, lokacin da iyalai da yawa sun riga sun kafa rayuwa a Houston ko Atlanta. A Disamban 2007 majalisar birnin ta amince a rushe manyan rukunan gidajen gwamnati huɗu, kusan gida 4,500, duk da cewa da yawansu sun tsira da ƙaramar barna. Asibitin Charity, gatan marasa galihu tun ƙarni na 18, ba a sake buɗe shi ba. An sallami malamai da ma'aikatan makarantu fiye da 7,000, mafi yawansu baƙaƙen fata mata, aka miƙa makarantun ga hukumomi masu zaman kansu da gwamnati ke biya. Sakamakon jarrabawa ya ƙaru, wannan ba a musu. Amma an karya ƙashin bayan masu matsakaicin hali na baƙaƙen fatar birnin a rana guda. Shi kansa Nagin a 2014 kotu ta ɗaure shi shekara 10 kan cin hanci daga 'yan kwangila.

Ƙidaya ta nuna sakamakon. A 2000 New Orleans na da mutum kusan 485,000. A 2020 kusan 384,000. Baƙaƙen fata, waɗanda suka kai kashi biyu cikin uku na mazauna kafin guguwar, sun ragu da fiye da dubu ɗari. Lower Ninth Ward, unguwar da mafi yawan mutanenta suka mallaki gidajensu, ta faɗo daga mutum 14,000 zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi, ciyawa ta cinye filaye, matattakalar siminti na tsaye ba gidan da take kaiwa.

Adalci ne a faɗi abin da aka gyara. An kashe kusan dala biliyan 14.5 wajen sabuwar ganuwa da ƙofofin ruwa da famfuna, har da katangar tafkin Borgne mai tsawon kusan kilomita uku. Ranar 29 ga Agustan 2021, shekara 16 daidai, guguwar Ida ta iso da iskar da ta fi ta Katrina ƙarfi, ganuwar ta riƙe. Sai dai garuruwan da ke wajenta, irin su Lafitte da Grand Isle da LaPlace, sun sha ruwa. Dokar 2006 kuma ta wajabta cewa shugaban FEMA ya kasance ƙwararre a aikin agajin gaggawa, ta ba hukumar ikon tura kaya tun kafin bala'i ya sauka.

Wannan doka ce masu wasiƙar ke cewa ana yi wa zagon ƙasa. Tun Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ke maganar rushe FEMA ko rage ta, a mayar da nauyin kan jihohi. A watan Mayu aka kori muƙaddashin shugabanta Cameron Hamilton kwana guda bayan ya shaida wa majalisa cewa bai ga amfanin rushe ta ba, aka naɗa David Richardson, shi ma a matsayin muƙaddashi, hanyar da ke kauce wa tantancewar majalisar dattawa. An soke shirin tallafa wa garuruwa su yi rigakafin bala'i, an kuma ce a 2025 duk kashe kuɗin da ya haura dala 100,000 sai ministar tsaron cikin gida ta lokacin, Kristi Noem, ta sa hannu da kanta. Masu goyon bayan gwamnati na da hujjarsu: FEMA ta yi suna wajen jan ƙafa da tarin takardu, kuma ita ce ta zaunar da mutanen Katrina a gidajen tafi-da-gidanka masu fitar da sinadari mai cutarwa. Matsalar hujjar ita ce Luwiziyana da Misisipi na cikin jihohi mafi talauci a Amurka, kuma darasin 2005 shi ne bala'in ya fi ƙarfin jiha tun a awannin farko.

Wanda ya ga yadda madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda ginin da aka yi sakaci da shi ke mayar da ruwan damina kisan jama'a, ko yadda ake saurin jingina wa ƙaddara abin da injiniya da kasafin kuɗi za su iya amsawa.

Akwai kuma abin da ganuwa ba ta iya tarewa. Tun daga shekarun 1930 Luwiziyana ta rasa ƙasa kusan murabba'in kilomita 5,200. Shingen da aka yi wa Misisipi ya hana kogin zuba lakar da ke gina gaɓa, hanyoyin ruwan da kamfanonin mai suka haƙa sun shigo da ruwan gishiri ya kashe ciyayin dausayi, wanda shi ne ke rage kaifin toroƙo kafin ya iso gari. Tsibirin Isle de Jean Charles na 'yan asalin ƙasar ya rasa kashi 98 cikin ɗari na faɗinsa, a 2016 aka ware dala miliyan 48 don kwashe mutanensa zuwa tudu. Babban aikin da aka tsara don mayar da lakar kogin cikin dausayin Barataria, na kusan dala biliyan uku daga tarar malalar man 2010, gwamnatin Jeff Landry ta soke shi a Yulin 2025, bisa hujjar tsada da koken masunta da masu kiwon kawa cewa ruwan kogi zai kashe sana'arsu. Kokensu gaskiya ne, amma har yanzu ba a kawo wani aikin da ya kai girman wanda aka soke ba.

Sabuwar ganuwar ma an gina ta ne don guguwar da ake sa ran irinta sau ɗaya a shekara ɗari, kuma tana nutsewa tare da ƙasar da take kai. Tun 2019 sashen injiniyoyin ya sanar cewa idan ba a riƙa ƙara mata tsayi ba, cikin 'yan shekaru za ta gaza ko wannan mataki. Kuɗin kula da ita yau da kullum na kan hukumomin yankin, a jihar da kamfanonin inshora kusan goma sha biyu suka durƙushe bayan Ida, kuɗin inshorar gida kuma ke korar waɗanda ruwa bai kora ba.