Maguɗin bincike a jami'o'i: darasin da ke cikin badaƙalar kulorokin ta Marseille

A watan Disamba na 2024, kamfanin ɗab'i na Elsevier ya janye rahoton binciken da Farfesa Didier Raoult da abokan aikinsa na birnin Marseille suka wallafa a watan Maris na 2020, wanda ya ce maganin haidroksikulorokin, ɗan uwan kulorokin da jama'a suka sani da sunan Nivaquine, yana rage ƙwayar cutar korona a jikin majinyata. An kwashe shekaru huɗu da watanni tara kafin a kai ga wannan mataki, alhali masana sun nuna kurakuran aikin tun makonnin farko.

Binciken ya dogara ne a kan majinyata 36 kacal. An cire mutum shida daga cikin waɗanda suka sha maganin kafin a yi lissafin ƙarshe, ciki har da uku da aka kai sashen masu matsanancin ciwo da ɗaya da ya rasu. Idan aka zare waɗanda jikinsu ya tsananta, tilas sakamako ya yi kyau. Ƙari a kan haka, babban editan mujallar da ta buga rahoton yana cikin marubutansa, kuma an amince da shi kwana ɗaya bayan miƙa shi.

Illar ba ta tsaya a Faransa ba. Shugaban Amurka Donald Trump ya tallata maganin, Senegal ta saka shi cikin tsarin jinyar masu korona, masu ciwon gaɓɓai da ke rayuwa da shi suka fuskanci ƙarancinsa a ƙasashe da dama. Sai a watan Yuni na 2020 babban gwajin da jami'ar Oxford ta jagoranta a kan dubban majinyata ya nuna cewa maganin ba ya rage mace-mace.

Me ke kai malamin jami'a ga haka? Dalili na farko shi ne yadda ake auna shi. Ƙarin girma da kuɗin bincike suna bin yawan maƙalolin da ya wallafa, kuma ƙirga su ya fi karanta su sauƙi. Wannan ya buɗe kasuwa ga kamfanonin da ke sayar da maƙalolin jabu, da mujallun da ke buga kome in dai an biya. Mujallar Nature ta ƙirga sama da maƙaloli 10,000 da aka janye a duniya a shekarar 2023 kaɗai.

Dalili na biyu shi ne iko. Ɗalibin digirin digirgir ko ƙaramin malami shi ne ya fi kowa sanin inda aka murɗe alƙaluma, amma makomarsa tana hannun shugaban da zai kai ƙara. A Marseille, mutanen waje ne suka fara magana, irin su Elisabeth Bik, ƙwararriya a fannin ƙananan halittu, wadda Raoult ya shigar da ƙara a kanta daga baya.

Nijar tana cikin wannan tsari na ƙirga maƙaloli. Malaman jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna samun ƙarin girma ne ta hanyar hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, kuma abin da malami ya wallafa yana da babban nauyi a takardunsa. Inda kayan aiki da kuɗin bincike suka yi ƙaranci, amma sharaɗin wallafawa yana nan daram, kwaɗayin kwafar aikin wani ko ƙirƙiro alƙaluma yana ƙaruwa. Wanda zai biya farashin shi ne manomin da aka ba shawarar irin shuka bisa gwajin ƙarya, da majinyacin da aka rubuta wa maganin da ba shi da amfani.

Manhajojin gano satar rubutu suna taimakawa, amma ba sa kama alƙaluman da aka ƙirƙira. Faransa ta wajabta wa kowace jami'a naɗa jami'in kula da gaskiya a bincike, kuma tun 2023 masu kammala digirin digirgir suna yin rantsuwa a kan haka. Sai dai rantsuwa ba ta isa ba. Ana buƙatar kwamitin da ba ya ƙarƙashin wanda ake zargi, da kariya ga ɗalibin da ya tona asiri, da tilasta adana bayanan asali domin wani ya iya sake duba su. Hukumomin ƙarin girma kuma su karanta ayyuka biyu ko uku mafi inganci na kowane malami, su rage dogaro da tsawon jeri.

Waɗannan matakai ba su buƙatar kuɗi masu yawa. Abin da suke buƙata shi ne shugabannin jami'o'i da za su yarda a binciki babban farfesa kamar yadda ake binciken ɗalibi.