Gargaɗi Ga Masu Zubin Harsashin Dalma A Cikin Gida

Ya ku malamai da almajirai masu karanta wannan takarda. Ku sani akwai wata al'ada tsakanin maharba wadda ta kamata a tsawata a kanta, ita ce narka dalma a tsakar gida domin yin harsashin bindigar adaka.

Aikin nan iri biyu ne. Na fari zubi, a narka dalma a kasko a tsiyaya cikin mazubi. Na biyu matsi, a sa guntun dalma cikin ramin ƙarfe a danne shi har shi ɗauki sura. Kadan harsashi bai zo daidai da bakin bindiga ba, sai maigida shi ɗauki magagari shi gyara mazubin, kana shi bi harsasan ɗaya ɗaya yana kankarewa. Dalma kuwa tana narkewa da zafi ya kai daraja 327, garwashin murhu ya ishe ta, shi ya sa ba a kai ta maƙera. To, nan ɓarnar take.

Zama kowace kankara tana zubar da garin dalma a ƙasa, dattin da ke tasowa bisa kasko kuma a kan yashe shi a watsar gefen murhu. Yaro mai rarrafe shi dafa, shi kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin yaro yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 bisa na babba, kuma babu wani gwargwado nata da ba shi cutarwa. Tana kwanciya cikin ƙashi shekaru masu yawa, mai juna biyu kuma tana isar da ita ga ɗan cikinta. Alamunta ciwon ciki, da ƙarancin jini, da farfaɗiya, har a kan ɗora wa iska laifi. Wanda ya tsira, sau da yawa kaifin hankalinsa ya tafi. Malami shi yi ta biya masa allo ba shi riƙewa, a doke shi a ce daƙiƙi ne.

Kada wani shi ce tsoratarwa ce kawai. A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Can dutsen zinariya mai dalma aka riƙa niƙawa cikin gidaje. A unguwar Caroy, kusa da Dakar ta ƙasar Sanigal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda dalmar tsofaffin batura, irin waɗanda maharbanmu ke fasawa. Sana'a ta bambanta, amma dafin ɗaya ne, ƙofar shigarsa ɗaya.

Ba mu ce maharbi shi bar neman abincinsa ba. Abin da muke kira gare shi ke nan. A fid da wannan aiki daga gida, a kai shi fili nesa da mata da yara da rijiya. Kaskon da ya taɓa dalma kada shi koma girki har abada. Kada a sa yaro fifita wuta ko tsince garin. Mai aikin shi tuɓe rigarsa, shi wanke hannu da sabulu kafin shi ci abinci ko shi ɗauki ɗansa. Naman da aka harbo, a yanke kewayen raunin a yar. Gidan da aka daɗe ana wannan aiki, a kai yaransa asibiti a auna jininsu.

Ya ku malamai, maganarku tana da nauyi wurin maharba, ku faɗa musu a zaure da kasuwa. Ya ku almajirai, ku karanta wa wanda bai iya ba. Allah shi kiyaye mana zuriya. Haza wassalam.